Macin Tasha da Littafin Saje Mamman

Ku 'ya'yana, na san kun ji labarin nan ta baki biyu, kuma babu bakin da ya ba ku shi cikakke. A gidan kawunku Abdurrahman an ce an kama ni da takardun asiri, aka rufa mini saboda ku. Matan unguwa kuma suka ce wani baƙo ne ya zo daga Najeriya ya kwance mini zani a kasuwa. A shekarar ke Maryam kina ɗakin mijinki a Jidda, kai Usman kana karatu a Madina, sai dai kuka dawo kuka tarar na bar shagona na unguwar Misfala a nan Makka, ni da kawunku kuma ba ma zama a kan ledar abinci ɗaya. Kun tambaya na yi shiru. Mahaifiyarku ce yanzu ta ce in zauna in rubuta, ta ce kada in rage komai, har abin da ya shafe ta.

Kafin in zama telan da kuka sani, ni ɗan badujala ne. Na san kalmar baƙuwa ce a kunnenku tunda a nan aka haife ku. A garinmu Nguru, inda layin dogo ya ƙare, akwai ƙungiyar masu busa da kiɗan fareti irin na 'yan sanda da soja, sai dai mu ba bindiga ba albashi. Mutanen gari ne zalla: tela, mai gyaran keke, malaman firamare biyu, ma'aikatan reluwe, da wani mahauci da yake dukan babbar ganga kamar ta ci masa mutunci. Wanda ya haɗa mu shi ne Saje Mamman, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda. Da ya yi ritaya ya kwaso ƙahonin tagulla da aka yi watsi da su, ya liƙe hujojinsu da dalma, ya riƙa tara mu a rumfar tasha bayan la'asar. Mu ne a wasannin makarantu, mu ne ranar ƙwallon ƙarshe, mu ne kuma idan za a raka maniyyata jirgi ko a taro su. Fararen kaya muke sawa da jar ɗamara. Ni babban ƙaho nake busawa, mai maɓalli uku, wanda ake rungumewa kamar jariri, muryarsa tana can ƙasa, ba a lura da ita sai ta yi shiru.

Saje yana da maci guda da ya tsara da kansa, muna kiransa Macin Tasha. Kashi uku ne. Yana buɗewa da ƙarfi kamar jirgi ya yi kuka, sai tsakiya ta yi sanyi, ganguna su koma raɗa, manyan ƙahoni su karɓi magana. Saje yakan ce nan ne jirgi ya bar gari, mai rakiya ya juyo gida shi kaɗai. Daga nan kowa ya dawo a rufe tare. Da yake yawancinmu ba mu iya karanta rubutun kiɗa na Turawa ba, sai Saje ya ƙirƙiro mana nasa. Yakan ja gidaje-gidaje a shafi, kowane gida taku ɗaya ne, ya sa lambar Larabci a ciki don ka san maɓallin da za ka danna, ya ɗora harafi a kai don ka san sama za ka hau ko ƙasa. A saman kowane shafi ya rubuta sunan mai busa shi da ajami. Duk a littafi ɗaya mai baƙin bango.

Ƙungiyar ba rana ɗaya ta mutu ba. Jirgi ya rage zuwa, masu biki suka koma lasifika da kaset, wa'azi ya yi zafi a kan kiɗa, iyaye suka janye 'ya'yansu. Ranar da na je yi wa Saje sallama zan taho Makka, ya tsufa ƙwarai, ya jawo littafin daga ƙarƙashin katifa ya miƙo mini.

"Salisu, tafi da shi. Idan na mutu a nan hura wuta za a yi da shi."

Akwai wanda abin ya ɓata wa rai, Garba mai gyaran keke, wanda yake busa ƙaramin ƙaho kuma ya girme ni a ƙungiya. Labari ya iske ni har nan cewa yana yaɗawa a gari wai sace littafin na yi.

Na zo Makka na kama ɗinki, na auri mahaifiyarku Rabi, haifaffiyar unguwar Nakkasa, wadda kakanninta suka zo a ƙasa tun zamanin da ake tafiyar shekaru. Ranar da na je gaban mahaifinta, ya dube ni ya ce mece ce sana'ar gidanmu. Na ce ɗinki da karatu. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi duka ba, domin na ga irin gidan, na kuma san a wurinsu mai busa da maroƙi duk ɗaya ne. Yayanta Abdurrahman ya zama kafil ɗina, wato mai tsaya mini a wurin hukuma, iƙamata, takardar izinin zamana, a hannunsa take, shagon Misfala da sunansa. Mutum ne mai amana, mai tsanani kuma, ko waƙar talla ta taso a rediyon mota sai ya kashe. Littafin na naɗe shi a tsohon rawani na jefa ƙasan akwatin ƙarfe, shekara kusan talatin ban buɗe shi a gaban kowa ba.

Sai shekarar da aka zo rushe ɓangarenmu na Nakkasa. Aka bi bangaye da jan fenti ana sa lamba, kowa ya shiga haɗa kaya yana neman inda zai koma. Ba ku ga yadda unguwar ta zama ba. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna musayar gishiri suka koma magana ƙasa-ƙasa. Duk baƙuwar fuska dillali ce ko ɗan leƙen asiri. Idan maƙwabci ya samu gida da wuri sai a ce da wa ya haɗa baki. A cikin wannan hali kuma kawunku ya kamu da ciwon hannu, hannunsa na dama ya riƙa mutuwa yana tashi, likitoci suna ta juya shi.

Wata Talata da hantsi ina kan keke ina ɗinka jallabiya, alhazai 'yan Umra suna ta wucewa ta ƙofar shago zuwa Harami, sai wani tsoho ya tsaya a bakin ƙofa bai yi sallama ba. Ya tsuke baki ya yi fito, gajere, taku huɗu. Ƙafata ta tsaya a kan keken da kanta. Farkon Macin Tasha ne.

"Salisu babban ƙaho," in ji shi. "Ashe kana raye."

Garba ne. Haƙoransa na gaba sun zube, ya rame, amma idanun nan masu yawo suna nan. Abu na farko da na yi shi ne duba ko yaran maƙwabcin shago sun ji. Na jawo shi ciki na ba shi kujera, na ce wa ya kwatanta masa wurina. Ya ce mai nema ba ya rasawa. Wannan amsar ba ta yi mini ba. Ya sha shayi, ya yi mini lissafin waɗanda suka mutu, mahauci, malaman nan biyu, Saje tun da daɗewa. Duk lokacin wayarsa tana kan cinyarsa, fuskarta a sama, ni kuwa idona yana kanta, ina cewa a raina ɗaukar muryata yake yi.

Sannan ya kawo abin da ya kawo shi. Wai wani malamin sakandare a gari ya samo ƙahoni, ya tara samari da ma'aikata da 'yan kasuwa, suna so su ta da badujalar gari. Sun iya farkon macin da ƙarshensa daga bakin tsofaffi, amma tsakiyar ta ɓace, kowa da irin yadda yake tuna ta.

"Littafin muke so. Ko hoto ne a ɗauka."

"Wane littafi?"

"Haba Salisu. Mu da muka yi furfura."

"Ai kai ka ce na sata. Ɓarawo kuma ba ya ajiye kayan sata shekara talatin. Ya ɓata tun tuni."

Ya riƙa jujjuya kofi. Ni kuwa raina yana ta saƙa: ko wani ɗan siyasa ne zai sayar wa a sauya masa suna, ko so yake ya riƙe ni da asirina ya riƙa tatsa, ko kuma tsohuwar gaba ce ya ɗauko ya hau jirgi da ita. Ban yarda akwai malamin sakandaren ba ma. Da zai tafi ya ce mako biyu zai yi a Makka, ya faɗi masaukinsu a bayan titin da ake sayar da dabino.

Kuskurena shi ne na ambata wa mahaifiyarku cewa na ga mutumin garinmu. Kun san ta da baƙo. Ta ce ba za a yi haka ba, mutum ya zo daga gida ya koma bai ci abincinta ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Garba ya hauro tudunmu yana haki. Gidan duk kwalaye ne da ƙunshin kaya, akwatin ƙarfen nan kuma an jawo shi falo don za a ɗaure. Na zauna kamar a kan ƙaya, ina jiran ya saki baki. Bai saki ba. Ya ci shinkafa, ya yaba miyar, ya yi ta labarin tsadar gero. Amma na ga idonsa ya faɗa kan akwatin har sau biyu. Kuma na bar shi shi kaɗai a falon na ɗan lokaci, da na sauka karɓo burodi.

Washegari na buɗe akwatin don in sauya wa littafin wuri. Rawanin yana nan a ninke, babu komai a ciki.

Ban tambayi kowa a gida ba, domin tambayar za ta ja wata tambayar. Na sa takalmi na gangara har masaukin su Garba. Na same shi a ƙofa cikin abokan tafiyarsa, suna shirin tafiya ɗawafi. Abin da na faɗa masa a gaban mutanen nan har yau ina jin kunyarsa. Na ce ya ci abincina ya yi mini sata, na ce wanda ya kira wani ɓarawo ashe kansa yake kwatantawa, na ce ya ji tsoron garin da yake ciki. Ya tsaya da haramin a kafaɗa.

"Ashe yana nan," in ji shi. "Ka ce mini ya ɓata."

Ya zazzage jakarsa a ƙasa, magunguna da carbi da silifa. Ya ce in hau ɗakin in bincika. Ban hau ba, na ce ai mai wayo ba ya ajiyewa a inda za a duba. Na juyo na bar shi yana tsince kayansa.

A kwanakin da suka biyo baya na lura gidana ya sauya, amma hankalina yana kan Garba, ban fassara abin daidai ba. Mahaifiyarku ta daina kallon idona. Na haɗa mata shayi da safe kamar yadda na saba, na shiga wanka, na fito na ga ta zubar da shi a magudana tana wanke kofin har sau uku. Ta sa karatun Baƙara a waya tun safe har yamma. Idan na shigo ɗaki sai ta tuna akwai aiki a kicin. Na ce mata lafiya? Ta ce hayaniyar tashi ce. Ni kuma sai na ɗauka Garba ya kira ta ya gaya mata ni wane ne, tana jiran in faɗa da bakina. Haka muka yi kwana takwas, kowa yana satar kallon ɗan'uwansa.

A rana ta tara kawunku ya aiko in same shi gidansa bayan la'asar. Na shiga majalisinsa, falon baƙi, na ga ba shayi ba dabino. Rabi tana zaune a lungu da niƙabinta, abin da ba ta taɓa yi ba a gidan yayanta. A kan darduma, a tsakiya, ga littafin Saje an ɗora shi a kan jarida kamar wani abin ƙazanta.

Abdurrahman ya sa bakin biro ya buɗe shi, bai taɓa da hannu ba. Ya tsaya a wani shafi ya juyo mini da shi.

"Abu Maryam, karanta mini abin da ke sama."

Na karanta. An rubuta Abdurrahman.

"Sunan wa ke nan?"

Sai a lokacin na ga littafin da idon wanda bai san shi ba. Gidaje-gidaje, lambobin Larabci, haruffa a warwatse, sunayen mutane a kai. Hatimi sak. Ga sunansa, ga hannunsa da yake mutuwa, ga shago da sunansa wanda ni nake zaune a ciki. Ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da zargin sihiri yake nufi, ba maganar zagi ba ce a bakin titi, laifi ne da kan iya cin ran mutum a gaban hukuma.

"Shekara nawa kana cin abinci a gidan nan?" in ji shi. "Wallahi ba don Rabi da yara ba, da tuni na kai shi inda ake kai irinsa. Na ba ka dama ɗaya. Ka yi mini bayanin da hankali zai ɗauka, ko kuwa gobe in kai shi, in kuma sa hannu a fitar da kai daga ƙasar nan fita ta har abada."

Na yi shekara talatin ina gudun kalma ɗaya, ga shi ita kaɗai ce ƙofar da ta rage. Na ce, Yaya, wannan Abdurrahman ɗin ba kai ba ne, mai kunna fitilun tasha ne a garinmu, ya rasu tun kafin in san ku. Na ce littafin kiɗa ne, ni kuma mai busa ne. Na faɗi komai, Saje, rumfar tasha, jar ɗamara. Ina magana ina jin numfashin mahaifiyarku daga lungu.

Bai yarda ba. Ya ce ya taɓa ganin rubutun kiɗa a littattafan makaranta, layuka ne da ɗige-ɗige, ba haka yake ba. Ya ce duk wanda aka kama da irin wannan yana da labarin da zai bayar. Ya ce wa zai shaida.

Mutum ɗaya ne a duk faɗin Makka, kuma na tsince shi a gaban jama'a na yi masa wankin babban bargo. Da na lissafa, washegari da hantsi motarsu za ta tashi zuwa Madina.

Bayan sallar asuba na isa masaukin. An fito da jakunkuna, ana ɗaure jarkokin zamzam. Garba yana zaune a kan jakarsa. Ya gan ni ya kau da kai. Na tsuguna a gabansa, ni da furfurata, a gaban mutanen da suka ji zagin. Na ce littafin yana hannun surukina, matata ce ta kai, na zalunce ka. Na gaya masa abin da ake zargina da shi. Ya ci gaba da kallon motarsu, har na fara tunanin yana auna ramuwar da ta fi daɗi, ya hau mota kawai ya bar ni.

"Da na ce ka sata," in ji shi daga ƙarshe, "na san Saje ne ya ba ka. Ina bakin ƙofa ranar. Baƙin ciki ne ya sa ni."

Ya miƙe ya gaya wa jagoransu su wuce, zai biyo su a motar haya.

Kawunku bai yarda da zuwanmu tare ba, ya ce mun haɗa baki a hanya. Sai ya shirya nasa gwajin. Ya sa Garba a ɗakin baƙi can ƙarshen gida ya rufe ƙofa. Ya zaɓi shafin da ke da sunansa, ya ɗora yatsa a tsakiya, ba a farko ba, ya ce in karanta daga nan, ya kunna ɗaukar murya a wayarsa. Ba ƙaho, sai baki. Na kifa kofunan shayi uku a kan tire su zama maɓallai, na ja numfashi. Na fara rerawa, yatsuna ba su manta ba, suna hawa suna sauka a kan kofunan kafin ma idona ya kai lambar. Da ya tsayar da ni, ya ɗauki littafin, wannan karon da hannu, ya tafi wurin Garba. Muka zauna ni da mahaifiyarku muna jin tsohon nan can nesa yana rera wurin da bakinsa mara haƙora.

Abdurrahman ya dawo ya kunna na farko, ya kunna na biyu. Mutumin da ba ya barin waƙar talla ta kai ƙarshe ya zauna ya saurari Macin Tasha sau huɗu, yana bin gidajen da yatsa. Inda na ja, Garba ya ja. Inda na tsaya gida biyu babu lamba, shi ma ya tsaya.

Ya rufe littafin ya yi istigfari da ƙarfi, ya ce ya ɗauki alhakina a zargin sihiri, in yafe masa. Na ce na yafe. Na ɗauka an gama, sai ya ci gaba.

"Amma mahaifina ya tambaye ka, ina wurin. Ya mutu bai san wa ya ba 'yarsa ba. Ba zan kai ka ko'ina ba. Sai dai ka nemi wani kafil, sunana ba zai ƙara zama a kan takardarka ba."

Ya turo mini littafin. Ban ko buɗe shi ba, na miƙa wa Garba a nan take. Ba don na gama yarda da shi ba. Ina miƙawa ina cewa a raina wataƙila yanzu ma ya ci ni da wayo. Amma na gaji da gadin abin, kuma Saje ba don ƙasan akwati ya rubuta shi ba.

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku. Na bar shagon da na yi shekara ashirin da wani abu a ciki, na koma ɗinki a ƙarƙashin wani mutumin da ya karɓi kafalata, ina tsufa ina karɓar umarni daga sa'an ɗana. Muka koma ƙaramin gida nesa da Harami, sai mun hau mota biyu. Wasu tsofaffin maƙwabta suka riƙe rabin farko na labarin suka bar rabin ƙarshe, har yau akwai wadda ba ta karɓar abinci daga gidanmu. Mahaifiyarku ta yi wata guda ba ta yi mini magana sai ta dole. Da ta buɗe baki, ba busar ce ta dame ta ba.

"Kwana tara ina kwana kusa da kai ina tsoronka," in ji ta. "Da ka gaya mini tun farko, dariya kawai zan yi."

Bayan kamar wata uku sai ga kiran Garba. Ya fara turo mini bidiyo. Ashe akwai malamin sakandaren. Ga su nan a tsohuwar rumfar tasha, su kusan ashirin, wasu da kayan aiki a jikinsu, ƙahoni suna walƙiya, jama'a sun kewaye su. Na kalla ina neman laifi, na kuwa samu. Da suka iso tsakiya, wurin sanyin nan, sai na ji rami. Ana busa sama, babu komai a ƙasa.

"Shafinka babu," in ji Garba. "An yage shi. Ka ba mu littafi ka riƙe zuciyarsa. Ashe har yanzu ba ka yarda da ni ba."

Na rantse masa ban taɓa ba, na ji a muryarsa bai gamsu ba. Na kashe waya na hau saƙa. Na ce ko shi ya ɓoye don ya goge ni daga ƙungiyar. Na ce ko Abdurrahman ne ya cire ya ajiye a matsayin hujja, don wata rana. Na tashi ina neman hulata zan tafi gidansa, ina faɗa ni kaɗai. Mahaifiyarku tana tsintar shinkafa, ta ajiye tiren.

"Zauna, Malam. Ni na yage shi."

Ta ce ranar da ta ga littafin a akwati, ta buɗe sai ta ga sunan yayanta. Ta san dole ta kai masa, tunda idan gaskiya ne ransa ne a ciki. Amma tana ƙara buɗawa sai ta ga wani shafi da sunana, Salisu. Ta ce a ranta, idan abin ya kai gaban hukuma, wannan shafin ne zai ɗaure ni da littafin. Sai ta yage shi, ta ƙona a murhu, ta wanke tokar.

"Na ɗauka kai mugu ne," in ji ta. "Duk da haka ban so a kama ka ba."

Na zauna. Daga baya na ce mata shafin yana kaina, gida-gida, babu wanda ya ɓace. Ta goge hannunta a zani, ta ɗauki wayata, ta nemo sunan Garba, ta danna wurin aika murya ta riƙe mini kusa da baki. Na miƙe zan rufe taga saboda maƙwabta, ta ce in bar ta. Na rera tsakiyar Macin Tasha tun daga farkonta har inda ganguna suke dawowa, ita tana riƙe da wayar da hannu biyu. Da na gama ta saurara, ta ce na yi tari a wuri ɗaya, mu sake.